Yadda Ake Kafa Dokar Ɓaraguzan Gini a Gombe, a Kuma Sa Ta Yi Aiki

Idan aka rushe gida a Gombe, kafin ƙura ta lafa rabin kayan sun sami mai saye. Kwanon rufi tun yana bisa ake tayawa. Rodi kuwa 'yan gwangwan za su sa guduma su fasa kankare su zare shi har ɗan guntun ƙarshe. Ƙofa, taga, katako, azara, wayar wuta, kowanne da kasuwarsa. Abin da ke saura shi ne tulin fasassun bulo, guntayen kankare, filasta, tayil da buhunan siminti. Wannan tulin ko dai ya zauna a bakin titi har damina ta tarar da shi, ko tifa ta kwashe shi bayan isha'i ta juye a kwari mafi kusa.

A garin da ruwa ke gangaro masa daga tudun Akko, ƙasarsa kuma mai yashi ce da ba ta jure gudun ruwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tifa ɗaya a bakin kwalbati ta isa ta juyar da ruwan Agusta zuwa cikin gidajen mutane. Mai zubawa sau da yawa yana ganin taimako ya yi, wai ya tare zaizaya. Ruwa kuma ba ya tsayawa, sai dai ya kauce wa tulin ya ci gindin katangar maƙwabci.

Wannan jagora na kansila ne, da ma'aikacin sashen ayyuka, da duba-gari, da mai unguwa, da duk ƙungiyar unguwar da ta gaji da kallo. Abu ɗaya ya kamata ka riƙe tun daga farko: mutum zai bi dokar ne idan kai ɓaraguzai inda aka ce ya fi masa sauƙi da arha a kan juye su a kwari. Saboda haka tara ce ta ƙarshe a jerin nan, kuma da gangan aka sa ta can.

Mataki na farko: ka san iyakar ikonka

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa kwashe shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma, don haka majalisar kansiloli tana da hurumin yin doka a kan inda za a zubar da ɓaraguzai. Amma izinin gini a cikin birnin Gombe yana hannun hukumar tsara birane ta jiha, wato GOSUPDA, tsaftar muhalli kuma akwai hukumar kare muhalli ta jiha, wato GOSEPA. A sama akwai NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin tsafta da shara na 2009 da kuma na harkar gine-gine na 2011. Ka nemi waɗannan takardu ka karanta, ko ka sa lauyan ƙaramar hukuma ya karanta maka, domin dokarka ba za ta yi karo da na sama ba ta tsira a kotu.

Sai batun iyaka. Birnin Gombe ya daɗe da tsallake ƙaramar hukumar Gombe. Tumfure a Akko take, gine-gine kuma sun miƙa har cikin Kwami da Yamaltu/Deba. Idan Gombe ta yi doka ita kaɗai, direba zai ƙara tafiyar minti biyar ya juye kayansa a ƙasar Akko, shi ke nan. Ka fara da zama da takwarorinka na waɗannan ƙananan hukumomi a kan a fitar da doka iri ɗaya, ko a roƙi jiha ta yi ƙa'ida guda da za ta rufe birnin duka.

Mataki na biyu: ka zagaya ka ga girman abin

Ka ɗauki duba-gari ɗaya da yaron mai unguwa, ku bi gunduma-gunduma: Pantami, Bolari, Jekadafari, Herwagana, Kumbiya-Kumbiya, Nasarawo da sauransu. Duk inda kuka ga tuli ku ɗauki hoto da waya, ku rubuta layin, ku kimanta tifa nawa ne, ku kuma duba ko yana kan hanyar ruwa. Ku tambayi masu shayi da masu gadi ƙarfe nawa tifofi ke zuwa. Su suka fi kowa sani.

Kana kuma bukatar hanyar ƙiyasi da za ka iya kare ta a gaban ɗan kwangila. Ga mai sauƙi. Murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo kusan 10. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, tsawon bango mita 3, idan an cire ƙofa da taga, yana ɗaukar bulo wajen 400. Bulo mai inci 9 ya kai kilo 20 ko fiye, ka ga bango kaɗai ya ba ka tan 8. Daɓen kankare mai kaurin santimita 10 a wannan ɗaki zai ƙara kusan tan 3, tunda mita ɗaya ta ko'ina ta kankare tana auna tan 2.4. Ke nan ɗaki ɗaya ya haura tan 10, ba a sa filasta ba. Mai rushe ciki da falo uku da ya ce maka tifa ɗaya ce za ta fita, sai ka ciro biro ku lissafa tare.

Mataki na uku: ka samo fili kafin ka rubuta ko da layi ɗaya

Nan yawancin irin waɗannan dokoki ke mutuwa. A hana mutum zubarwa, ba a nuna masa inda zai kai ba. Ranar farko da duba-gari ya tare direba, tambayar da zai sha ita ce, "To, ina zan kai?" Idan babu amsa, za a rabu ne da ɗan na goro, dokar kuma ta zama hanyar cin abinci.

Filin da ake nema yana da sharuɗɗa. Ya zama tifa mai kaya za ta iya shiga ko a tsakiyar damina. Kada ya kasance a bakin kwari, ko kan hanyar ruwa, ko kusa da rijiyar da ake sha. Ya ɗan yi nesa da gidaje da makaranta, saboda ƙura da ƙarar fasa kankare, musamman lokacin hunturu da iska ke kwasar komai. Tsofaffin ramukan da kamfanonin hanya suka haƙi burji suka bari suna da kyau ga wannan aiki, in dai injiniya ya duba ya tabbatar ba tafki suke zama ba. Ka tabbatar da takardun filin a GOGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye a jihar, kada ka zuba tifa ɗari sannan magada su fito da takarda.

Kuma fili ɗaya ba zai isa ba. Kuɗin tifa man dizal ne, man dizal kuma nisa ne. Direban da ke ɗauko kaya daga Pantami ba zai ratsa gari zuwa hanyar Dukku ba alhali ga kwari a bayansa. Ƙananan filaye uku ko huɗu a kan manyan hanyoyin fita, ta Bauchi, ta Biu, ta Dukku, ta Kumo, sun fi ƙaton fili guda amfani. Kowanne a kewaye shi ko da da waya ce, a sa ƙofa ɗaya, rumfa, mai gadi, da malami mai littafi. A kafa alluna a ciki: nan kankare, nan bulo, nan ƙasa, nan gauraye.

Kada ka haɗa shi da bolar sharar gida. Da zarar leda da ragowar abinci sun shiga cikin ɓaraguzai, darajarsu ta tafi, ba mai sayen ciko mai wari.

Mataki na huɗu: ka zauna da masu sana'ar

Ƙungiyar direbobin tifa ita ce wuyan wannan aiki, domin kusan kowane tuli mai girma a bayan tifa ya bar wurin gini. Ka je tasharsu da kanka, kada ka aika musu takardar gayyata. Ka gaya wa shugabanninsu abin da za su samu: wurin juyewa kyauta ga kaya mai tsabta, ba mai kama su a hanya, kuma idan sun sauke ɓaraguzai za su iya loda cikon da aka tace su fita da shi, maimakon su koma wayam. Wannan na ƙarshe shi ne zai ja hankalinsu.

Sannan magina da birkiloli, masu buga bulo, 'yan gwangwan, masu kura da masu baro. A haɗa da sarkin magina inda yake akwai, da hakimi da masu unguwanni. Za ka ji ƙorafi iri-iri, ka rubuta su duka. Wani abin da za su faɗa zai gyara maka dokar fiye da abin da lauya zai rubuta. Misali, su za su gaya maka cewa mai rushe katangar ƙasa ba shi da matsala, domin tsohuwar ƙasar gini ana jiƙa ta a sake yin tubali, manoma ma suna kwasa su kai gona. Irin wannan bai kamata doka ta wahalar da shi ba.

Mataki na biyar: rubuta dokar

Ta zama gajera, a kuma fitar da ita da Hausa da Fulatanci bayan Turanci. Sashe na 36(12) na tsarin mulki ya ce ba a hukunta mutum a kan laifin da ba a bayyana shi da hukuncinsa a rubutacciyar doka ba. Don haka kowane laifi a faɗe shi ƙarara, a sa tararsa a gefensa. Sanarwar rediyo ko umarnin baki na ciyaman ba doka ba ne.

Ta fara da bayyana abin da ake nufi da ɓaraguzan gini, da kuma abin da ba ya cikinsu. Ta faɗi wanda alhaki ke kansa: mai gini da ɗan kwangila tare, sannan direba da mai motar a kan abin da ya faru a hanya. Idan ka ɗora wa ɗan kwangila kaɗai, zai gama aiki ya tafi Yola. Mai gida shi ne ba ya gudu.

Ta raba ayyuka gida biyu. Ƙaramin gyara, kamar sake bandaki ko fasa ƙofa, mai shi ya sanar da mai unguwa kawai ya kwashe cikin kwanakin da aka yanka. Babban aiki, wato rushe gida, gina bene, shaguna, makaranta ko gidan mai, shi ne zai cika takarda ya ajiye kuɗi. Wasu ƙasashe ma haka suka yi: dokar Japan ta 2000 ta wajabta rarrabe kaya ne a rusau ɗin da ya kai murabba'in mita 80, ta Indiya ta 2016 kuma ta fi matsa wa masu fitar da tan 20 a rana ko tan 300 a wata. Kai ka zaɓi ma'aunin da duba-gari zai iya gani da ido, kamar yawan ɗakuna ko yawan tifa.

Ta hana abubuwa huɗu a fili: zubawa a kwari ko magudanar ruwa, barin tuli a kan titi fiye da wa'adi, ƙona leda da wayar wuta da bututun roba a wurin gini, da ɗaukar kaya ba tare da an rufe shi da tampol ba. Ta kuma ba da dama ɗaya da mutane za su so: idan maƙwabci yana son ɓaraguzan don cike filinsa ko fandishonsa, a kai masa kai tsaye, ya sa hannu a takarda cewa ya karɓa. Da ma haka ake yi, doka ta amince da shi kawai ta sa masa shaida.

Kada ka kwafo alƙaluman Turai. Tarayyar Turai ta sa wa kanta burin sake amfani da kashi 70 cikin 100 na irin wannan shara zuwa 2020, amma su suna da sikeli a kowace ƙofa. Kai da tifa za ka ƙirga. Shekarar farko burinka shi ne a san inda kowace tifa ta sauka.

Daga nan sai ta bi hanyarta: karatu a majalisar kansiloli, sauraron jama'a, sa hannun ciyaman, a kuma kai wa ma'aikatar shari'a da ta ƙananan hukumomi su duba kafin a buga ta.

Mataki na shida: kuɗin ajiya da takarda mai kwafi uku

Wannan shi ne injin dokar. Mai babban aiki, lokacin da yake neman izinin gini ko na rushewa, zai cika takarda shafi ɗaya: me zai rushe, tifa nawa ake sa ran za ta fita, wa zai ɗauka, ina za a kai. Sai ya ajiye kuɗi gwargwadon yawan tifofin. Idan ya gama ya kawo shaidar cewa kayan sun isa inda aka ce, a mayar masa da kuɗinsa. Birnin San Jose na Amurka ya fara irin wannan tsari a 2001. Tunda izini a hannun GOSUPDA yake, sai an yi yarjejeniya a rubuce da ita cewa takardar ɓaraguzai tana cikin abin da za a nema kafin a buga hatimi.

Nawa za a ajiye? Ya ɗan ɗara kuɗin ɗaukar tifa zuwa filin. In ya gaza haka, mutum zai yafe shi ya zubar a kwari. In ya yi yawa ƙwarai, mutane za su daina neman izinin gaba ɗaya. Kuma kada a rubuta adadin naira a cikin dokar kanta, domin farashin dizal ba ya zama wuri ɗaya. A sa shi a jadawalin da majalisa za ta iya sabuntawa duk shekara.

Shaidar ita ce takarda mai lamba, kwafi uku. Mai gini ya rubuta lambar mota da irin kayan ya ba direba. A ƙofar fili malami ya leƙa bayan tifa, ya buga hatimi, ya riƙe ɗaya, direba ya riƙe ɗaya, ɗaya ya koma wa mai gini. Malamin ya ɗauki hoton motar da lambarta ya tura a zauren WhatsApp na masu sa ido. Hoton nan shi ke hana a sayar da hatimi a gindin bishiya.

Abu biyu za su kashe tsarin idan aka yi sakaci. Na ɗaya, karɓar kuɗi a hannu. A biya a banki ko ta POS zuwa asusu na musamman da ba a taɓa shi don biyan wani abu. Na biyu, jinkirin mayarwa. Dokar ta yanka wa hukuma wa'adi, a ce mako biyu. Da zarar labari ya bazu a majalisun magina cewa kuɗin ajiya ba ya dawowa, kowa zai ɗauke shi a matsayin sabon haraji, kuma ba wanda zai ƙara wahalar da kansa da takarda.

Mataki na bakwai: yadda ake rushewa

Sake amfani da kaya tun a wurin rusau yake farawa. Idan katafila ta ture gida gaba ɗaya, komai ya cakuɗe, sai dai a binne. Don haka a bi shi daga sama zuwa ƙasa, daga mai taushi zuwa mai tauri. A yanke wuta da ruwa. A cire ƙofofi, tagogi, wayoyi, bututu da kayan bandaki. A sauke kwano da katakon rufi, a zare ƙusoshi. A sauke silin. Sannan bango, sannan kankare. Bulon da aka sauke a hankali layi-layi, da yawa yana fita lafiya, ya yi katangar awaki ko ɗakin ajiya.

A ware wuri huɗu a filin aikin: kankare da dutse, bulo da filasta, ƙarfe da katako, sai tarkace. Silin POP a ware shi daban. Sinadarin da ke cikinsa yana cin siminti idan ya sami laima, saboda haka bai kamata ya shiga cikon da za a zuba daɓe a kansa ba.

Sai abin da ya fi komai haɗari, wanda kuma leburori suka fi rainawa: asbestos. Tsofaffin gidajen gwamnati, makarantu da asibitoci da yawa an rufe su da kwanonsa mai launin toka, ko an yi musu silin da shi. Muddin yana zaune lafiya bai cika yin illa ba. Idan aka fasa shi ko aka yanka, yana sakin zaruruwan da ido ba ya gani, su shiga huhu su zauna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa kowane nau'insa yana jawo sankara, ciwon kuma yakan bayyana ne bayan shekara 20 ko fiye, lokacin da ba wanda zai tuna da aikin. Dokar ta ce duk ginin da ake zargin yana da shi, jami'in lafiyar muhalli ya duba kafin a taɓa. A jiƙa shi da ruwa, a kwance ƙusoshin a sauke shi ɗai-ɗai ba tare da jefowa ba, a naɗe cikin leda mai kauri ninki biyu, a rubuta a jiki, a binne a rami na musamman da aka yi wa alama. Ma'aikata su sa takunkumi na gaske mai matata, ƙyalle ba ya tare shi, kuma kada su koma gida da kayan aikin a jikinsu. Ba a fasa shi a yi ciko, ba a sayar wa mai kaji ya rufe akurki. Tsohon fenti mai darma da ƙasar da ta sha baƙin mai a gareji su ma ba sa shiga tulin sayarwa.

Mataki na takwas: a mayar da tuli kaya

Ba sai an sayi injin niƙa dutse a shekarar farko ba. Matasa da guduma, cebur, baro da ragar tankaɗe yashi za su fara aikin: a fasa, a zare ƙarfe, a tsince leda da katako, a tace gida uku, manya, matsakaita da gari. A riƙa yayyafa ruwa saboda ƙura, a ba su takunkumi, tabarau da safar hannu, kuma kada a ga yaro ƙarami a wurin. 'Yan gwangwan da ke bin rodi a yi musu rajista a ba su kati, su yi aikinsu a cikin fili da rana. Idan kaya ya fara taruwa fiye da ƙarfin hannu, sai a yi hayar ƙaramin inji na 'yan kwanaki.

Manyan guntayen kankare suna shiga ƙarƙashin jamanfulo, wato daɓen kankaren farko da ake zubawa a ƙasan gini. Matsakaita suna gyara layukan unguwa da ke caɓewa da damina, ko su zama shimfiɗar ƙasan hanya. Garin bulo ciko ne mai kyau idan an daddaɓe shi hawa-hawa. A aikin tare zaizaya ma ana iya cika kwandunan waya da manyan guntaye, amma bisa zanen injiniya, domin a nan ne bambanci yake tsakanin tare ruwa da tura shi gidan wani.

Inda ba a yarda ba shi ne ginshiƙi, linta da dekin. Tsohon kankare da aka fasa yana shan ruwa fiye da sabuwar tsakuwa saboda simintin da ke manne da shi, ƙarfinsa kuma ba a san shi ba sai an gwada. Mai son amfani da shi a abin da ke ɗaukar nauyi sai ya kai samfur ɗakin gwaji, kamar na sashen injiniya a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, a matse shi bayan kwana 7 da kwana 28, injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya sa hannu. Haka tsohon rodi da aka miƙe da guduma: ya tafi wurin masu narkarwa ko maƙera, kada ya koma dekin.

Wa zai saya? Gwamnati ta fara. Ita ce ta fi kowa rushewa idan ana faɗaɗa hanya, ita ce kuma ta fi kowa sayen ciko. Jihar da ke da shirin Network 11-100, na gina hanya kilomita 100 a kowace ƙaramar hukuma 11, ba ta rasa inda za ta zuba tataccen ɓaraguzai. A sa a takardar kwangila cewa ɗan kwangila zai kai abin da ya rushe fili, zai kuma fara duba cikon filin kafin ya haƙi sabon rami, kuma ba za a biya shi kuɗin ƙarshe ba sai ya nuna takardunsa. Idan aikin gwamnati ne ya bar tuli a bakin titi wata shida, da wane baki duba-gari zai yi wa mai shago magana?

Farashin ciko a fili ya kasance ƙasa da na sabuwar jar ƙasa. Kaya mai tsabta a karɓe shi kyauta, gauraye kuma a caji kuɗin tsincewa. Wannan bambanci kaɗai zai koya wa magina rarrabewa fiye da taron bita goma.

Mataki na tara: hukunci

A ba da wata uku na sanarwa ba tare da tara ba. Rediyo, huɗubar Juma'a, coci ranar Lahadi, sanƙira a unguwa, takarda a kowace tashar tifa da wurin buga bulo. A cikin watannin nan hukuma ta kwashe tsofaffin tulin da aka gano a zagayen farko, ta fara da na kan hanyar ruwa, domin a san cewa duk abin da aka gani bayan nan sabo ne kuma yana da mai shi.

Bayan haka hukunci ya zo hawa-hawa: takardar gargaɗi mai wa'adi, sannan dakatar da aiki, sannan kotu da tara. Yadda aka fara magana yana da tasiri. Duba-gari ya yi sallama, ya ce, "Alhaji, sannunku da aiki, Allah ya sa a gama lafiya. Wannan tulin ya tare kwata, ga takarda, nan da kwana bakwai za mu dawo. Ga lambar masu tifa da ke kaiwa fili." Ya ɗauki hoto, mai unguwa ya shaida. Idan ya dawo bai ga canji ba, hukuma ta kwashe ta cire kuɗin daga ajiyarsa.

Wanda aka kama yana juyewa a kwari, hukuncin da ya fi tasiri shi ne ya kwashe abin da ya zuba da kuɗinsa, a kuma dakatar da rajistar motar na wani lokaci, ƙungiyarsa ta sani. Tara ta majistare ce, ko a zauren kotu ko a kotun tafi-da-gidanka irin ta ranar tsaftar ƙarshen wata. Jami'i ba ya yanke tara a bakin hanya, ba ya karɓar ko sisi. Kada kuma a ba 'yan sa-kai sanda da shinge a ce su tare tifofi, ƙarshenta karɓar kuɗi ne da faɗa. Aikin matasan unguwa hoto ne da lambar mota, a kuma ɓoye sunan wanda ya kawo rahoto.

Gwajin gaskiya zai zo ranar da tulin ya zama na babban mutum, aka fara bugo waya daga sama. Abin da ke kare ƙaramin ma'aikaci a ranar shi ne takarda: gargaɗi mai lamba da kwanan wata, hoto a zauren da mutum ashirin suka gani, da jerin sunayen da ake liƙawa a sakatariya duk wata. Abin da ya riga ya shiga littafi yana da wuyar gogewa da kiran waya. A riƙa kuma sauya wa jami'ai gunduma lokaci-lokaci, kuma mai gini ya san ofishin da zai kai ƙara idan jami'i ya nemi wani abu a hannunsa.

Duk wata uku kwamitin masu sa ido kan dokar ya zauna da littattafai biyu, na izini da na ƙofar fili. Idan an ba da izinin da ya kamata ya fitar da tifa 200 amma 60 suka iso, a bi sawun sauran: ko an kai wa maƙwabta ba a cika takarda ba, ko akwai wani kwari da ba a sa wa ido ba, ko filin ya yi wa wata unguwa nisa. Kowanne da maganinsa daban. Zaman da ya fi muhimmanci shi ne na watan Afrilu, domin duk kwalbatin da ba a buɗe ba kafin ruwa ya sauka a Mayu da Yuni, sai dai a jira rani.